Bas a cikin garin Kano: sayo mota ne ya gagare mu, ko tafiyar da ita?

Baban Safwan:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana damuna, ina so mu tattauna ta cikin natsuwa, mu ajiye siyasa gefe. Maganar bas ce a cikin garin Kano.

Garin nan ya tafi, kowa shaida ne. A da idan ka wuce Rijiyar Zaki gonaki za ka tarar, yau gine-gine sun miƙe har wajen Janguza. Ta titin Katsina an dangana da Dawanau, ta titin Haɗeja ana neman haɗewa da Jogana, ta titin Zariya kuwa an wuce Na'ibawa an kai Dangwauro. Ƙananan hukumomi 8 ake lissafawa a ƙwaryar birni: Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nassarawa, Kumbotso da Ungogo. Duk wannan al'umma, in ka cire masu motar kansu da masu babur, abin hawa guda suka dogara da shi, wato adaidaita sahu.

Kuma babu wanda ya zauna ya tsara hakan. A zamanin Malam Ibrahim Shekarau aka shigo da adaidaita domin ɗaukar mata, don a raba su da hawa acaɓa. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa, sai adaidaita ta cike gurbin. Tasi ta ja baya, hayis ta ragu, aka wayi gari abin da aka kawo don ya taimaka shi ne ya ɗauke garin gaba ɗaya.

A ƙarshen 2022 gwamnatin Ganduje ta ƙaddamar da Kanawa Bus Service, bas 100 da tasi 50, da niyyar su riƙa bin layin Jogana zuwa 'Yankura zuwa Janguza. Aka sanar da hana adaidaita bin wasu manyan tituna, jama'a suka yi ca, ba a je ko'ina ba aka janye dokar. Ni abin da na fahimta daga wannan shi ne, sayo mota ba shi ne wahalar ba. Kowace gwamnati tana iya sayowa. Abin da muka rasa shi ne bas ɗin da mutum zai kwana da tabbacin gobe ƙarfe 7 yana nan a inda ya saba tsayawa, kuma zai kai shi aiki kafin 8. Idan babu wannan tabbacin, ko kyauta ne mutane za su koma wa ɗan sahu. Ina neman ra'ayinku, musamman waɗanda abin ya shafa kai tsaye.

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam. Allah ya saka da alheri Baban Safwan, kun taɓo mana inda yake mana ƙaiƙayi. Ni a Bachirawa nake, ina koyarwa a wata makaranta wajen Gyaɗi-Gyaɗi. Ku zo bakin titi da sassafe ku gani. Sahu yana rage gudu tun bai tsaya ba maza sun rufa masa, wani ya riƙe ƙarfe ya ɗane, wani ya shige gefen direba. Mace mai goyo da jaka da yaro a hannu ina za ta iya wannan kokawar? Sai dai ki koma gefe ki jira a rage. In kuma kin samu, sai ya ce shi iyakarsa Kurna, ko Ƙofar Ruwa. Ki sauka, ki sake tare wani, ki sake biya. Tafiya ɗaya a yanka miki ita gida uku.

A ƙaddara naira 1,000 kawai mutum yake kashewa zuwa da dawowa. A kwana 22 na aiki 22,000 ke nan. Mafi ƙarancin albashin da jiha ta amince da shi a 2024 naira 71,000 ne. Kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi a titi, ba a yi maganar cefane ba, ba a yi ta kuɗin makarantar yara ba. Kuma da yawa daga cikin masu koyarwa a makarantun kuɗi ko rabin wannan albashin ba sa samu.

Na Ɗorayi Ɗan Sahu:
Salamu alaikum. Ni ɗan sahu ne, kuma tunda an ambace mu dole in yi magana. Hajiya Maman Ilham, wallahi abin da kika faɗa gaskiya ne, ana yanka hanya, ban musa ba. Amma ki ji dalili. Kafin 29 ga Mayun 2023 muna shan mai ƙasa da naira 200 lita. Ana cire tallafi ya haura 500, a 2024 ya wuce 1,000. Mai mashin kuma da yamma balas ɗinsa yake jira, bai san an yi ruwa ba, bai san gosulo ya riƙe ka awa guda a Bata ba. Idan na ɗauko ki daga Bachirawa har Gyaɗi-Gyaɗi a kuɗin da za ki iya biya, na rantse ko kuɗin man ba zan mayar ba.

Sannan masu cewa a kawo bas a kore mu, ku tsaya ku yi lissafi. Sahu ɗaya akwai mai shi, akwai mai fita da safe, akwai mai karɓa da yamma. Ga bakanike, ga mai faci, ga yaron da yake wankewa, ga mai sayar da bakin mai. Gida nawa ke nan? Yawancinmu matasa ne, wasu da takardun digiri a aljihu. In an raba mu da wannan sana'a ina ake so mu nufa?

Baban Safwan:
Na Ɗorayi, ni ban ce a kore ku ba, kuma ba zan taɓa faɗa ba. Ai an gani a Fabrairun 2021 da kuka yi yajin aiki kan harajin naira 100 na kullum, da kuma Janairun 2022 kan kuɗin sabunta rajista. Garin tsayawa ya yi cak. Ɗalibai da 'yan kasuwa da marasa lafiya suka riƙa takawa a ƙasa. Wannan ya nuna muhimmancinku, ya kuma nuna hatsarin gari mai miliyoyin mutane ya rataya a kan abu ɗaya.

Injiniyan Tarauni:
Assalamu alaikum. Ku ba ni dama in ɗan tsawaita, domin wannan fannin na karanta.

Mu fara da fili. Babban bas yana ɗaukar mutum 60 ko fiye in an haɗa da na tsaye. Adaidaita a ce mutum 4. Wato bas ɗaya yana ɗauke abin da sahu 15 za su ɗauka. Ka jera sahu 15 a titin Murtala Muhammad ka ga filin da za su cinye, kowanne kuma yana tsayawa inda ya ga dama, yana kutsawa inda ya ga ƙofa. Shi ya sa duk gadar da aka gina, daga ta Ƙofar Nassarawa zuwa ta Sabon Gari zuwa ta Dangi da ta Hotoro, sauƙin na ɗan lokaci ne. Gada tana wuce da kai mahaɗa ɗaya ne, ta zube ka a cunkoson gaba. Ba ta rage yawan abin hawa.

To amma ka ɗauki wannan babban bas ka jefa shi cikin gosulon 'Yankura, me ka yi? Ya fi kowa shan wahala, domin shi ba ya iya kurɗawa. Fasinja yana zaune yana kallon sahu suna wuce shi ta hagu da dama. Gobe ba zai sake hawa ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa biranen da suka ci nasara suka fara da ware wa bas layinsa na kansa, wanda ba mai shiga sai shi. Kuritiba ta ƙasar Barazil ta fara a 1974. Bogota ta Kolambiya ta buɗe nata a ƙarshen 2000. Nan gida Legas ta buɗe nata, wanda ake kira BRT, a watan Maris na 2008, daga Mile 12 zuwa CMS, kimanin kilomita 22. Darussalam ta Tanzaniya ta bi a 2016, Dakar ta Senegal kuma a 2024 da motoci masu amfani da lantarki.

Sai maganar lokaci, wadda lissafinta ba wuya. A ce zuwa da dawowa a layi ɗaya yana cin minti 80. In kana so duk minti 10 bas ya wuce ta kowace tasha, bas 8 kake buƙata a kan hanya, da ɗaya ko biyu a ajiye saboda gyara. In gosulo ya mayar da tafiyar minti 160, sai ka nemi 16 kafin ka yi aikin da 8 za su yi. Kun ga ashe layin da aka ware shi ne yake rage yawan motar da za a saya. Kuma gara a tara motoci a layi ɗaya ko biyu su riƙa zuwa a kai a kai, da a warwatsa su layi 10 kowanne sai an yi awa ana jira.

Kano ta ma fi wasu garuruwan dacewa da wannan tsari, saboda manyan titunanmu duk sun nufi tsakiya ne: na Zariya, na Katsina, na Gwarzo, na Haɗeja, na Maiduguri. Yawancinsu tagwaye ne masu faɗi.

Alhajin Kwari:
Injiniya, na ji bayaninka, amma ban gamsu ba. Titin da yanzu ma bai ishe mu ba, shi za a yanke wa layi guda a ce na bas ne kaɗai? Mu da muke da mota fa, da masu kawo mana kaya? Ka zo Kwari ko Singa da hantsi ka ga yadda ake sauke diloli. Tirela tana tsaye, 'yan dako suna ɗiba, 'yan kurkura suna jira, baƙi daga Nijar da Chadi da Kamaru suna lodi. Kasuwa ita ce Kano. In aka takura mata an taɓa kowa.

Ni a ganina jirgin ƙasa na cikin gari shi ne maganin abin. A yi shi a sama, a bar mana titi.

Injiniyan Tarauni:
Ranka ya daɗe Alhaji, ba na ƙin jirgi. Amma a tuna tun 2016 aka sa hannu da wani kamfanin China kan jirgin cikin garin Kano, aikin dala biliyan 1.85. Yaran da aka haifa a shekarar sun isa makaranta tuni. Legas da duk kuɗinta ta shafe fiye da shekara 10 kafin ta buɗe kashin farko na layin Blue Line a Satumbar 2023, kilomita 13 kacal daga Marina zuwa Mile 2. BRT ɗinta kuwa ƙasa da shekara 2 ya ɗauka. Ko an yi jirgin ma, ba zai je ƙofar gidan kowa ba, sai an sami bas da zai kai mutane tasharsa.

Game da layin da za a yanke: mafi yawan manyan titunanmu layin gefe ai a yanke yake tun tuni. Motoci a fake, masu tebur, masu baro, sahu masu jiran fasinja. Ba mai tafiya a kansa. Shi ake so a karɓo a ba abin da yake ɗauke da mutum 60. Maganar sauke kaya kuma gaskiyarku ce, dole a zauna da shugabannin kasuwa a tsayar da lokacinta da wurinta.

Alhajin Kwari:
To masu teburin nan su ma 'ya'yan wasu ne. A nemo musu wuri kafin a tashe su. Kar a zo da asuba da motar rusau.

Baba Direba:
Salamu alaikum 'ya'yana. Jikana ne yake rubuta mini, ni ina faɗa. Na ja hayis a garin nan tun ana kiran wasu motocin kiya-kiya, daga Bata zuwa unguwanni, har ƙarfina ya ƙare. Ina so in gaya muku abin da ya kashe bas a Kano, domin a gabana aka yi.

Mu a lokacinmu ba ka tashi sai mota ta cika. Kwandasta yana rataye a ƙofa yana kiran layi, fasinja yana ciki yana gumi, wani ya gaji ya sauka. In ka tashi kuma tsere kake da ɗan'uwanka don ka riga shi fasinjan gaba. Ba mugunta ba ce. Kuɗinka yana kan yawan kan da ka ɗauka, mai mota yana jiran balas, 'yan kamasho suna jiran nasu. Da acaɓa ta zo, mutum ya ga zai hau nan take a kai shi har ƙofar gida, sai ya bar mu. Duk bas ɗin da za a kawo, in dai direba da balas zai kwana a ransa, to abin da muka yi shi zai yi, ko da motar daga ina aka sayo ta.

Injiniyan Tarauni:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Wannan da kuka faɗa shi ne zuciyar maganar, kuma shi Kuritiba da Bogota suka gyara. A can kuɗin fasinja ba ya shiga hannun direba. Asusu ɗaya yake tafiya, hukuma kuma ta biya kamfanin motar gwargwadon kilomitar da ya yi a kan lokacin da aka tsara. Direba yana da albashi. Ko mutum 5 ne a ciki, lokaci ya yi zai tashi, domin tafiyar ake biya. Kamfanin da ya yi latti ko ya fito da mota mai datti a yanke masa. Gwamnati ba sai ta zama mai mota ba. Aikinta ta tsara layi, ta tsayar da farashi, ta sa ido.

Oga Bakanike:
Ni ta ɓangarena zan yi magana. A Ƙofar Ruwa nake aiki. Abin da yake kashe motocin gwamnati a ko'ina a ƙasar nan guda ne: a sayo samfurin da ba mai kayan gyaransa a kasuwa. Wata 6 na farko lafiya lau. Daga nan ƙaramin abu ya lalace, a ce sai an yi odarsa daga waje, takarda ta tafi ofis ta kwanta. Sai a ajiye motar. Gobe wata ta lalace, a zo a kwance na wannan a ɗaura wa waccan. Kafin shekara 2 rabin motocin suna kan duwatsu, ba taya, ba batir. Wanda ya san Abuja ya san yadda yawancin dogayen motocin da ake kira na El-Rufa'i suka ƙare.

Ga ƙurar hunturu da take toshe filta, ga zafin bazara da yake haura digiri 40 yana cin taya da na'urar sanyaya inji, ga ruwan damina da yake kwanciya a titi. Duk wanda zai sayar mana da mota a sa masa sharaɗi a rubuce: ya buɗe garejinsa a Kano, ya ajiye kayan gyara na shekaru, ya koya wa yaranmu aikin. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gareji ake fara ginawa kafin mota ta iso.

Injiniyan Tarauni:
Haka ne Oga. Har wurin da za a gina garejin ma abin dubawa ne. A Darussalam an gina nasu a Jangwani, wuri mai kwari, ambaliya ta riƙa shiga tana lalata motoci. Motocin suka yi ƙaranci, mutane suka riƙa cushewa a tasha. Tsari mai kyau ne, amma rashin kula da wannan ɓangaren ya rage masa daraja.

Ɗan Hotoro:
Tambaya: me ya sa ba za a yi masu gas ba tunda fetur da dizal sun yi tsada?

Oga Bakanike:
Gas ya fi araha, ba shakka, kuma hayaƙinsa bai kai na dizal ba. Gwamnatin tarayya ta fito da shirin CNG, wato gas ɗin da motoci suke amfani da shi, a 2023, ga kuma bututun AKK mai kilomita 614 daga Ajakuta ta Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020. Ranar da gas ya wadata a garin nan, bas mai gas shi ne daidai. Sharaɗin dai a sa famfon cika gas a cikin garejin kansa. Bas ɗin da zai je ya bi layin awa 3 a gidan mai ya riga ya karya jadawalinsa tun kafin ya ɗauki mutum ɗaya.

'Yar Jami'a:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina karatu a sabon mazaunin jami'ar Bayero, gidanmu a Sheka. Abu biyu nake roƙo a sa a lissafi.

Na farko wurin mata. A ware mana ɓangare a cikin motar, in da hali da ƙofarmu daban. Yawancin iyaye ba za su bar 'yarsu ta shiga motar da ake cakuɗa da maza a tsaye ba, kuma suna da gaskiya. Motocin ɗalibai mata da aka fara a zamanin Kwankwaso, waɗanda gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta gyara ta dawo da su, sun nuna cewa in an yi abin da ya dace da al'adarmu iyaye suna sakin jiki. Tun asali ma ai don mata aka kawo adaidaita, har da labule.

Na biyu tasha. A yi rumfa ta gaske mai inuwa da wurin zama, a sa fitila mai amfani da hasken rana. Duk wanda ya tsaya bakin titi bayan magariba a garin nan ya san fargabar masu ƙwacen waya. In tasha tana da duhu ba macen da za ta tsaya jiran bas, ko minti 5 ne.

Ɗan Gama:
Ku ƙara da mu masu buƙata ta musamman. Ina amfani da keken guragu. Sahu da yawa in sun hango keken wucewa suke yi, wanda ya tsaya kuma sai ya ce in biya kuɗin mutum biyu. Bas mai matakala uku ba shi da amfani a wurina, haka ga tsofaffi da masu juna biyu da masu zuwa asibiti. A sayo mai ƙasa-ƙasa, ko a ɗaga daɓen tashar ya yi daidai da ƙofar motar. Tun wurin zane ake yin wannan, in an gama gini gyaransa ya fi tsada.

Maman Ilham:
Wallahi kuwa. Kuma Injiniya, kun ce duk titunan sun nufi tsakiya. To ai nan ma akwai matsala. Ba kowa ne Bata za shi ba. Maƙwabciyata a wani kamfani take aiki a Sharaɗa. Mai zuwa Challawa, mai zuwa Bompai, mai zuwa Asibitin Malam Aminu Kano daga Kabuga, me zai kai shi 'Yankura? In an tilasta wa kowa sai ya shiga tsakiya ya canza mota, kuma ya sake biya, to an dawo da yankan hanyar da nake kuka da shi.

Injiniyan Tarauni:
Hajiya kin yi gaskiya. Maganinsa biyu ne. A sami layukan da suke zagayawa, misali wanda zai bi titin BUK ta gefen badala, daga Kabuga ta Gadon Ƙaya da Ƙofar Na'isa da Ɗan Agundi ya haɗe da titin Zariya, da wani ta baifas daga Hotoro zuwa Na'ibawa. Sannan tikiti ɗaya ya ba ki damar canza mota a cikin awa guda ba tare da sabon biya ba. Da kati ake yin wannan, irin Cowry na Legas.

Alhajin Kwari:
Kati kuma? Mun ga abin da ya faru farkon 2023 lokacin canjin kuɗi. Mutum da kuɗinsa a banki ya kasa sayen biredi saboda ba sabis. Tsohuwa daga ƙauye ta shigo Kurmi sayayya, ina ta ga kati?

Injiniyan Tarauni:
Akwai katin da kuɗin yake zaune a cikinsa, ba ya jiran sabis kafin ya yi aiki. Wanda ba shi da kati kuma ya sayi tikitin takarda a tasha da tsabar kuɗi. Masu POS da suke kowane lungu za su iya zama wakilan sayarwa. Abin da ake gudu kawai kuɗi ya riƙa yawo tsakanin fasinja da kwandasta a cikin mota, domin nan ne yake zurarewa, nan ne kuma rigimar canji take cinye lokaci.

Baba Direba:
Ku ƙara da wannan. Kar gwamnati ta yanke kuɗin mota ƙasa don a yaba mata, sannan ta ce motar ta riƙe kanta. Ba za ta iya ba. In an ce talaka ya biya rabi, to a rubuta a kasafin kuɗi wanda zai biya ɗaya rabin, duk wata, kamar albashi. In ba haka ba ranar da taya ta fashe ba kuɗin sabuwa.

Baban Safwan:
Baba wannan haka yake. A yawancin manyan biranen duniya kuɗin tikiti ba ya ɗaukar nauyin bas gaba ɗaya, hukuma ce take cikawa, kamar yadda take yi wa asibiti da makaranta. Kuma a kafa abin da doka ta majalisar jiha, da hukumarsa mai zaman kanta da ma'aikata ƙwararru. Legas ta kafa hukumar tsara sufurinta, LAMATA, tun 2002, gwamnoni sun zo sun tafi tana nan tana aiki. Mu a nan da zarar an manna wa mota hoton gwamna ko launin jam'iyya, wanda ya gaje shi ba ya son ganinta. KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano da aka kafa a 2012, ta tsallake sauyin gwamnatoci saboda doka ce ta kafa ta. Ita ma tana da rawar takawa wajen tsare layin bas, amma tsara sufuri aiki ne daban da kama mai laifi.

Na Ɗorayi Ɗan Sahu:
Duk na karanta. Har yanzu dai ba wanda ya amsa mini tambayata. Mu ina za mu?

Injiniyan Tarauni:
Na Ɗorayi, afuwan, tambayarka ita ta fi kowacce nauyi. Babban bas ba zai shiga lungunan cikin birni ba, ba zai shiga cikin Ɗorayi ko Kurna ko Brigade ko Sheka ba. Iyakarsa babban titi. Wanda zai ɗauko mutum daga cikin unguwa ya kawo shi tasha, ya kuma mayar da shi da yamma, kai ne. Gajeriyar tafiya ce, mai kaɗan, juyi da yawa, ba ka shiga gosulon Bata. Mai kaya da mai mara lafiya da mai son shata har ƙofar gida duk suna nan, ba bas ɗin da zai raba ka da su.

Ba zan ɓoye maka ba, yawan sahun da ke kan manyan tituna zai ragu. Shi ya sa tun farko ake shigo da masu sana'ar cikin mallakar sabon tsarin. A Johanasbag ta Afirka ta Kudu, da aka buɗe Rea Vaya a 2009, masu ƙananan motocin haya da layin ya shafa sun miƙa motocinsu aka ba su hannun jari a kamfanin da yake tafiyar da bas ɗin, direbobi da yawa kuma aka horar da su suka koma jan manyan motocin. Sai da aka sha doguwar tattaunawa da rikici kafin a kai ga haka. A Legas ma ƙungiyar direbobi ta NURTW ce ta kafa haɗakar da ta fara tafiyar da motocin BRT. Bas ɗaya yana buƙatar direba biyu ko uku saboda canjin aiki, ga masu tikiti, ga masu kula da tasha, ga makanikai, ga masu wanki.

Na Ɗorayi Ɗan Sahu:
To a nan akwai gyara. Hannun jarin nan mai mashin za a ba. Mafi yawanmu ba namu ba ne, wani Alhaji ne yake da 10 ko 20 ya raba mana. Shi zai karɓi jari ya koma gida, ni da nake kan titi tun asuba a ce in tafi. In za a yi, a yi rajistar masu ja daban da ta masu mallaka. Aikin direba da na tasha a fara ba wanda ya nuna shaidar yana jan sahu a wannan layin, kar a kawo sunaye daga gidan 'yan siyasa. Wanda kuma ya karɓi mashin bashi yana biya duk sati, a san yadda za a yi da ragowar bashinsa. Kuma a fara kawo bas ɗin ya yi aiki mutane su gani, kafin a ce an hana kowa bin ko'ina.

Alhajin Kwari:
Wannan yaron ya yi magana. Ni har yanzu ina da shakka kan yanke titi a wajen kasuwa, amma in za a gwada a titin Gwarzo ko na Zariya inda akwai faɗi, a ga yadda zai kasance shekara guda, ba zan ƙi ba. Yarana na shago ma daga Rijiyar Zaki suke zuwa, kullum sai sun makara.

Maman Ilham:
A sa da lokacin farawa. Bas na farko ya fito bayan sallar asuba, saboda ma'aikatan asibiti da 'yan makaranta. Da azumi kuma a ƙara motoci daga la'asar, kowa ya san yadda titi yake komawa kafin shan ruwa. Ranar Juma'a ma a sanar da hanyar da za a bi idan an rufe titi don salla.

Shugaban Zaure:
Jama'a mun gode, Allah ya saka wa kowa. Zan tattara abin da aka faɗa in rubuta shi a takarda ɗaya, Injiniya ya duba, mu kai wa ma'aikatar sufuri ta jiha da 'yan majalisarmu na ƙananan hukumomi 8 ɗin nan. Wanda yake da ƙari ya turo kafin Juma'a. Na Ɗorayi, muna so sharuɗɗan da ka kawo su shiga da bakin masu sana'ar, ba da namu ba.

Na Ɗorayi Ɗan Sahu:
Ba damuwa shugaba. Ranar Lahadi muna da zama a tasharmu, zan karanta musu duka, in ji abin da za su ce game da rajistar masu ja da maganar bashi. Amma kar a kai takardar kafin in dawo muku da amsarsu.